Wata takwas a Mukono da ɗan ɗakina mai tashina sahur

Shekaranjiya da la'asar muna zaune wajen wata mai shayi a bakin kasuwa nan Madani, ƙanin wani abokina ya sake jefo min tambayar da nake ta sha tun dawowata, wai Yaya da gaske ne a makarantar coci kayi karatu a Yuganda, to ya kayi da sallah, basu hana ka ba? Na ba shi amsa gajeriya don wurin da hayaniya ga ƙarar raksha, amma da na koma gida abin ya ƙi barin raina, domin na san yara irinsa da yaƙin nan ya yanke wa karatu suna da yawa, wani cikinsu zai samu ƙofa irin wadda na samu kuma mutan gidansu za su tsorata kamar yadda namu suka tsorata. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda zaman yake. Hausata ta Sudan ce, in kun ga Larabci ya leƙo nan da can toh haka muke magana a gida.

Ina shekara ta biyu a fannin lafiyar al'umma a Kartum yaƙi ya tashi, ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Na bar littattafaina da katifata a dahiliyya, ɗakin kwanan ɗalibai kenan, na gudo Madani da tunanin bayan sallah za mu koma. Wata takwas ina zaune ina taya Baba a shagon hatsi. A Disamba Madani ma ta faɗi, muka kwashi Inna da Kaka da ƙannena muka bi ta Sinnar muka zagaya har Gadarif gidan Kawu, mu goma sha tara a ɗaki biyu da rakuba ɗaya. A nan saƙon wani malaminmu da ya riga ya fita Kampala ya same ni, yace an samu gurbin ɗalibi baƙo irin na musaya, zango biyu, abin da na ci a can za a lissafa min in makarantarmu ta buɗe. Sai dai fa, yace, jami'ar ta coci ce, ka sani tun yanzu.

Daren da aka zauna kan maganar Kawu ne ya fara, yace mun rasa gida mun rasa shago, yanzu kuma da hannunmu za mu miƙa yaro inda ake kaɗa ƙararrawa? Ban ga laifinsa ba wallahi, mutum ne da rayuwarsa kaf tsakanin gonar riɗi da masallaci take. Baba bai tanka ba sai da aka daɗe, sannan ya tuna masa cewa sahabban Manzon Allah SAW da Makka ta yi musu zafi wajen Najjashi aka tura su, shi kuwa a lokacin Kirista ne. Amma wadda ta yanke maganar Kaka ce. Ita 'yar Mai Wurno ce, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Nil Azrak bayan an kashe shi a Burmi a 1903. Tace kakanninta da ƙafa suka taho tun daga ƙasar Sakkwato, sun sha yunwa, sun yi ƙwadago a gonakin mutanen da basu san harshensu ba, addinin bai zube musu a hanya ba. Tace a bar yaro ya tafi, sharaɗina ɗaya, duk Juma'a in ya fito masallaci ya turo muryarsa in ji.

Na tashi ta Bur Sudan a farkon Janairu 2024 da katin allurar shawara a aljihu don ba a shiga Yuganda sai da shi, na sauka Entebbe bakin tafkin Biktoriya. Ɗan Jazira, jiharmu ta Madani, ya san kore, amma namu na gonar auduga da alkama ne da aka jera aka ba ruwa ta tur'a, magudanar ban ruwa kenan, can kuwa duk inda ka duba ayaba ce da manyan itatuwa sun rufe jar ƙasa ba mai shayar dasu sai sama. Mukono tana gabas da Kampala kan hanyar Jinja, kilomita ashirin da ɗoriya ne amma in cunkoso ya riƙe ka a Bweyogerere da Seeta sai kayi awa biyu cikin taksi, su taksi suke ce wa ƙaramar bas mai cin mutum goma sha huɗu.

Jami'ar sunanta Uganda Christian University, ta cocin Anglika ce kuma a kan tudu take. A 1997 ta zama jami'a amma tun 1913 akwai kwalejin horar da limaman coci a wurin mai suna Bishop Tucker, tsohon ginin jan bulon yana nan ana aiki a cikinsa. Laburare sunan Hamu Mukasa aka sa masa, wani babban hakimin Buganda da ya bada filin. Hatta zangon karatu sunan lokutan coci ne dasu, wanda na fara a Janairu na Ista ne, na Mayu zuwa Agusta kuma Tirniti. Suna da dokar sutura mai ƙarfi, ba giya ba sigari a harabar, da na gaya wa Kawu haka a waya sai naji muryarsa ta ɗan sauko. Birai kuma suna nan a itatuwan saman tudun, in ka bar ayaba a taga ka yi sadaka.

Ɗan ɗakina Acholi ne daga wajen Gulu can arewa, yana karatun lauya. Ranar farko na shimfiɗa sallaya na duba alƙibla a waya sai naga ta nuna arewa da ɗan karkata kaɗan, mu da bakinmu ya saba da cewa kallon gabas, kuma daidai inda teburinsa yake ne da ɗan gicciyen katako rataye a bango. Na tsaya ina juya yadda zan faɗa masa. Shi ya lura ya tambaya, nayi masa bayani da Turancina mai tsinkewa, bai ce uffan ba ya janye teburin ya cire gicciyen ya mayar bangon kan gadonsa. Daga ranar Hajji yake ce min, kamar yadda suke kiran musulmin da suke girmamawa, ni kuma ya koya min in ce masa Omera, ɗan'uwana kenan da harshensu.

To ga abin da ban gaya wa Kawu ba sai da na dawo. Ba wanda ya taɓa hana ni sallah ko sau ɗaya, amma a sati biyun farko na makara asuba sau biyar ko shida. A Madani ban taɓa sanin cewa ba ni nake tashin kaina ba, ashe ladanin unguwarmu ne da na unguwar gaba, da tarin Baba a tsakar gida, da ƙarar buta, da Inna tana buga ƙofa tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. A kan tudun nan sai iska ta juyo kake jin kiran sallah can ƙasa cikin gari kamar a mafarki. In farka rana ta fito, in wuni da nauyi a ƙirji, in ƙi kiran gida don kar Inna ta ji a muryata. Abin da ya fi sosa min rai shi ne duk ranar da na farka da wuri sai in tarar Omera ya riga ni, tun ƙarfe biyar yana durƙushe gefen gadonsa da Baibul da 'yar tocila don kar hasken fitila ya dame ni. Shi ba ladan gare shi ba, ba mai buga masa ƙofa. Na daɗe ina tunanin abin, ni da aka sa ni a halwa, makarantar allonmu, tun ina shekara biyar, ashe jama'a ce take ɗauke da ni ban sani ba. Wata rana na cire kunya nace Omera in ka gama naka ka riƙa taɓa ni. Tun daga nan har na bar ƙasar sai in ji hannu a kafaɗata, Hajji lokaci yayi. Bayan wata biyu ma na fara riga hannun nasa farkawa amma bai daina ba, nima ban ce ya daina ba.

Buta ta ba ni wahala da farko, gorar ruwa na huda nake amfani da ita har sai da na shiga Kisenyi unguwar Somaliyawa a Kampala na sayo guda biyu. Juma'a kuwa gangarawa nake cikin gari, tafiyar minti ashirin da ƙafa ko in hau boda boda, babur ɗin haya, in na makara, huɗuba da Luganda ake yi sai ayoyi da hadisai kawai nake kamawa. Tun satin farko naje na sami malamin da ajinsa ya faɗo daidai lokacin na gaya masa gaskiya, yace je ka kayi ibadarka ka karɓi rubutu wajen abokanka. Duk wanda zai je irin wannan makaranta shawarata kenan, ka faɗa tun ranar farko da bakinka cikin ladabi, kar ka riƙa sulalewa kamar mara gaskiya. In na fito masallaci sai in tsaya gindin wata bishiya in yi wa Kaka saƙonta.

Abinci posho ne da wake kusan kullum, posho tuwon farar masara ne mai tauri ba shi da ɗan tsamin nan na kisra da asida da harshenmu ya saba. Wani lokacin matoke, ayaba ce da ake turarawa cikin ganyenta a zuba miyar gyaɗa. In kuɗi ya ɗan samu sai in fita bakin get wajen masu rolex, ƙwai ne ake soyawa da tumatir da kabeji a naɗe cikin capati da zafinsa. Naman alade suna cinsa sosai amma wurarensa daban suke a bayyane, kuma a al'adar ƙasar musulmi ne ke yanka shanu da awaki a mahauta, duk da haka ban bar tambaya ba. Ranar da fara ta fito, nsenene suke ce mata, Omera ya shigo da ita a ƙunshin takarda yana ɗari-ɗari ko zan ƙyamata, nace kawo nan, ai wannan abincin kakannina ne, yaji kawai ta rasa.

Darussan fannina basu bambanta sosai da na Kartum ba, lissafin yaɗuwar cuta, tsaftar ruwa, rigakafi, sai dai komai da Turanci mu kuwa da Larabci aka rene mu tun firamare, watan farko kullum da yamma kaina sara yake. Malamai da yawa da addu'a suke buɗe aji, a rufe ido a sunkuyar da kai, ni sai in karanta Rabbi zidni ilma a zuciyata in jira su gama. Akwai kuma darussan da kowa ke ɗauka ko me yake karantawa, ni na shiga na Tsohon Alkawari. Da ɗar-ɗar na shiga, sai na tarar da mutanen da na sani tun ina riƙe da allo, Ibrahim da Yusufu da Musa da Dawuda, amma ba ko'ina labarin ya zo ɗaya ba. Ranar da aka zo kan ɗan da aka umarci Annabi Ibrahim ya yanka, a littafin Farawa Ishaƙu ne, malamar ta juyo tace Hajji ku me kuke cewa, na miƙe nace mu abin da aka karantar damu Isma'ila ne kuma a kansa muke layya. Bata ja ba, ta rubuta a allo tace su lura da bambancin. A jarrabawa duk amsa sai in fara da "littafin yace", kuma an ba ni makina daidai. Wasu abubuwan da aka jingina wa annabawa a ciki sun yi min nauyi ƙwarai, ban yarda dasu ba kuma ban ɓoye ba.

A ajin nan na fara sanin cewa ƙasarmu tana cikin littafinsu. Kush da suke ta ambata yankinmu ne, Tirhaka na littafin Ishaya shi ne Taharƙa ɗin da dalarsa ke Nuri kusa da Karima, Kandake da ma'ajinta ya fito a Ayyukan Manzanni kuwa sarautar matan Meroe ce can Bajarawiyya arewa da Shandi. Ni kuma na gaya musu Soba ɗin nan ta kudancin Kartum babban birnin daular Kirista ce mai suna Alwa kafin zamanin Funj, da yawansu basu taɓa ji ba.

Kar kuma in sa ku zata komai zuma ne. Akwai masu wa'azi ɗaki ɗaki, balokole ake ce musu, ya'ani waɗanda suka ce sun sami ceto. Yawancinsu in kace na gode ina da addinina sai su yi maka fatan alheri su wuce. Ɗaya kuwa ya riƙa dawowa har wata rana ya zauna bakin gadona yana hawaye yana cewa baya so in hallaka, kuma na yarda da gaske yake, nace masa nima wallahi haka nake ji a kanka, ina maka kwaɗayin Musulunci, a haka muka zauna muna gaisawa har na tafi. Wanda yayi min ciwo wani ne da ban ma san shi ba, a wajen mai rolex, da yaji daga Sudan nake sai yace abin da ke samunmu sakayya ce ta abin da muka yi wa Kiristocin Sudan ta Kudu. A lokacin Inna a ƙasa take kwana a gidan mutane. Na biya kuɗin na bar abincin a wurin.

Na koma ɗaki na gaya wa Omera ina jiran ya huce min. Yayi shiru, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. A sansanin gudun hijira aka haife shi lokacin yaƙin madugun 'yan tawaye Joseph Kony, yayyensa suna cikin yaran nan da kullum da yamma suke takawa zuwa cikin Gulu su kwana a barandar shaguna don kar a sace su a ƙauye, kuma akwai ɗan baffansa da aka ɗauke har yau bai dawo ba. Yace Hajji ka san inda mutanen Kony suke da sansani a shekarun 1990, ka san wa yake basu makami? Na sani sama-sama, gwamnatin Kartum ta lokacin ce. Yace toh da aka ce ɗan Sudan za a haɗa ni da shi sai da na kwana ina addu'a kafin in yarda. Amma ba kai ka ba Kony bindiga ba, tsohuwarka kuma bata ci bashin kowa ba, mutumin can yayi kuskure. Daren nan mun wuce ƙarfe biyu muna magana, na ba shi labarin abin da ya sami Hausawa a jihar Nil Azrak a 2022, da yadda har yau wasu ke kiranmu baƙi bayan shekara ɗari da ɗoriya muna noma ƙasar nan muna binne iyayenmu a cikinta. Kuma na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa da baki ba, cewa abin da aka yi wa mutanen Kudu zalunci ne, mun taso muna jinsa a rediyo kamar labarin wata duniya.

A farkon Fabrairu layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk Sudan. Saƙon Juma'ar da na tura wa Kaka ya tsaya da alama ɗaya a WhatsApp, Bankak, manhajar bankin da mutane ke sayen abinci da ita, ba hanyar buɗe ta, kwana goma sha ɗaya ban ji muryar kowa nawa ba. In buɗe littafi in kasa gane layi ɗaya. Duk Talata da Alhamis da tsakar rana suna taruwa a zauren Nkoyoyo su yi waƙoƙi da ganguna da wa'azi, ni yawanci lokacin nake zuwa in yi shirin azahar, amma ranar Alhamis ɗin nan Omera yace in raka shi in zauna a baya kawai. Ashe ya kai maganar. Limamin ya tsaya yace akwai ɗan'uwa a cikinmu da bai san halin da iyayensa ke ciki ba, a yi wa Sudan addu'a. Ɗaruruwan mutane suka sunkuya, naji ana ambaton Kartum da Darfur da Madani da lafazin da ba namu ba. Da sunan Yesu suke rufe addu'a don haka ban ce amin ba, na yi tawa a zuciya, amma hawaye kam na kasa riƙe su. Da aka tashi wasu samari uku dogaye suka tare ni da Larabcin Kartum tsantsa, ya zol salamat, 'yan Sudan ta Kudu ne da aka haifa a unguwar Haj Yusuf ta Kartum suka bar ta bayan rabuwar 2011, ɗayansu gwaggonsa tana can har lokacin shi ma bai ji ɗuriyarta ba. Ranar Asabar suka kawo min kisra da miyar bamiya a kwano daga wajen wata mata tasu, muka ci hannu ɗaya a ƙasa. Kwana biyu bayan haka alamar ta koma biyu, muryar Kaka ta shigo tana cewa lafiya lau muke ɗan nan, ka ci abinci.

Azumi ya kama a Maris, su kuma suna cikin nasu na kwana arba'in kafin Ista tun tsakiyar Fabrairu. A jiki azumin Yuganda ba wuya, rana wajen ƙarfe bakwai take faɗuwa duk shekara ga damina ta sauka, wanda ya saba da zafin Jazira ba zai ji ƙishi ba sam. Wuyar a zuciya take. Mu da muka saba a fito da tire-tire kan titi a shimfiɗa tabarmi, samari su tare motoci a hanyar Madani da Kartum da rawunansu a ce wallahi sai kun sauka kun sha ruwa, ga hilu-mur ga asida ga balila, sai gani ni kaɗai da ayaba biyu da shayi a bakin taga. Sahur kuwa Omera ya ɗauke shi kamar aikinsa. Ya mayar da agogonsa huɗu da rabi, ya jona ketil, ya ɗumama abin da muka ajiye tun dare, tsohuwarsa ma da taji sai ta aiko da gwangwanin odii daga Gulu, irin dakwarmu ce ta gyaɗa amma da riɗi a ciki, in shafa a burodi in sha shayi. Yana zaune yana hamma har in gama, sannan ya buɗe littafinsa ni in ɗauki buta. Kwana talatin bai tsallake ko ɗaya ba, har daren Ista da suka kwana a coci sai da ya dawo ya tashe ni.

Idi ranar 10 ga Afrilu naje babban masallacin Tsohuwar Kampala wanda ake ce wa na Gaddafi. Ina neman wuri a sahu naji an ce daga bayana, kai ɗan matsa mana. Na juya kamar an kira sunana, ashe ɗaliban Kano da Katsina ne da ke karatu a ƙasar, wasunsu daga jami'ar Musulunci ta Mbale. Suka yi ta mamakin Hausata ni ina mamakin tasu. Bayan sallah muka hau hasumiya, mai yi mana bayani yace a kan wannan tudun Kyaftin Lugard ya kafa sansaninsa a 1890. Sai da na sa ya maimaita sunan. Lugga dai, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 har kakannin Kaka suka ɗauki hanyar gabas. Shi ne kuma ya shigo da ragowar sojojin Sudan na Amin Basha cikin Yuganda a 1891, jikokinsu su ne Nubi na garin Bombo, na gaisa da wani dattijonsu a harabar masallacin yana min wani Larabci da nake kama rabinsa. Daga saman hasumiyar na tura wa Kaka saƙo nace yau a kan tudun Lugga nayi Idi. Da amsarta ta zo kabbara kawai take yi.

A ƙarshen Mayu hanyar Jinja ta cika da masu tafiya a ƙasa, daga gabashin ƙasar har daga Kenya, suna nufin Namugongo don ranar 3 ga Yuni, inda Kabaka Mwanga ya sa aka ƙone samarin fadarsa a 1886 saboda sun ƙi barin Kiristanci. A wurin nan dai an kashe musulmi ma kamar shekara goma kafin haka a zamanin babansa Mutesa. Na tsaya bakin titi ina kallon tsofaffin mata da ƙunshi a ka, ƙafafu sun kumbura an ɗaure da tsumma, wata ta zauna kan dakalin shago tana haki na sayi ruwa na miƙa mata ta karɓa da hannu biyu. Mutanenmu da suka yi shekaru a hanyar Makka da ƙafa nake ta gani a idona, da yawansu ma a Sudan tafiyar ta tsaya, gamu nan.

Na dawo Gadarif a ƙarshen Agusta na tarar kwalara ta ɓarke, makarantu cike da waɗanda suka gudo daga Sinja da Dindir. Abin da na koya kan auna kulorin a ruwa da haɗa ruwan gishiri da sukari shi na yi ta yi da wasu 'yan sa kai wata uku, Kawu da kansa yake kai ni a babur da safe. Bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025 muka dawo gida, shagon ba komai a ciki sai kanta, amma rufin yana nan. Shi yaron da ya tambaye ni wajen mai shayi nace ya zo min da takardunsa ranar Asabar mu duba tare, in babansa yana da shakka in je da kaina in zauna da shi.

Kaka kuwa tun da taji labarin sahur bata bar zancen Omera ba, ɗan nan mai tashin jikana take ce masa. Watan jiya wani maƙwabcinmu zai wuce Kampala wajen iyalinsa, ta sa aka daka yajin agashe mai yawa da hannun Inna, ta ƙulla karkade da dabino, ta sa Baba ya ɗinka farar jallabiya da na kwatanta tsawonsa, tace a kai masa har Mukono a ce inji kakarsa. Saƙon ya isa ranar Talata. Ya turo hoto sanye da jallabiyar ta ɗan yi masa gajarta a hannu, da murya yana cewa sannu Kaka, na gode, Allah ya saka, kalmomin da na koya masa a ɗaki yana jan su da harshen Acholi. Jiya bayan isha'i sai da ta sa na kunna mata sau uku.